Da Sauƙi a Zango Na Uku

Satinmu bakwai a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya aka ce za a kai mu hawan dutse. Mu biyu ne daga Najeriya a kwas ɗin noman lambu da aka tura mu: ni Nasiru, malamin gona a Hunkuyi, da Baffa Tanimu, ƙanin mahaifina, wanda manoman fadamar Taba suka zaɓa saboda duk yankinmu ba wanda ya kai shi sanin tumatir da rake. Baffa ba ya jin Turanci ko na sayen ruwa. Ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. Abin da zai faɗa wa mutanen ƙasar sai ya biyo ta kaina, abin da za su faɗa masa ni nake juyawa. Na saba da aikin har na fara jin kaina, ina ragewa ina ƙarawa yadda na ga dama, ba mai kama ni.

Zaman bai karɓi Baffa ba. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare, miyar kuma sai ka rantse an zuba mata sukari. Goronsa ya ƙare tun sati na uku. Abin da ya fi damunsa shi ne salla, don a can yamma ake fuskanta. Kullum muka shimfiɗa darduma sai ya tsaya ya dube ni.

"Nasiru, ka dai tabbata? Shekara sittin da 'yan kai ina kallon gabas, yau ka juya ni kamar waina."

Abu ɗaya ne ya riƙe shi, ƙasar noman wurin. Baƙa ce wuluk, mai laushi, duk abin da ka jefa mata sai ya tsiro. Sai ya tsuguna a gonar gwaji ya dunƙule ta, ya murje, ya sansana, ya girgiza kai. Ranar da malaminmu ya ce tokar da dutse mai aman wuta ke fesowa ce ta mai da ita haka, sai da Baffa ya sa na maimaita masa sau biyu.

"Wato mu muna can muna bin layin taki tun asuba, su kuwa daga sama ake zubo musu? To, wallahi sai na ga bakin murhun nan da idona."

Ya kamata in hana shi. Ban hana ba, don na fi shi son zuwa. Dokar masu kwas ɗin kuma ita ce inda Baffa yake nan nake. In ya zauna a masauki, ni ma na zauna.

Gari na wayewa mota ta ajiye mu a gindin dutsen, mu goma sha wani abu, 'yan ƙasashe daban-daban. Jagoranmu sunansa Wardi, gajere, siririn mutum, ƙafafunsa duk jijiya. Ya tara mu ya yi bayani dalla-dalla. Ta wannan gefen za mu hau, mu bi ta bakin ramin da ke saman dutsen, mu sauka ta wancan gefen, inda mota za ta zagaya ta jira mu. Zango huɗu ne a hanya. A kowane zango zai tambayi kowa lafiyarsa, mutum ɗaya bayan ɗaya. Zango na uku shi ne wuri na ƙarshe da babur ke iya zuwa, wanda bai juya daga nan ba ya shiga ke nan. Ya dafa ƙirjinsa ya ce duk wanda ya ji wani abu a nan, komai ƙanƙantarsa, ya faɗa, domin iskar sama ba ta da kauri, ga kuma hayaƙin farar wuta.

"Me yake ta faɗi haka?" in ji Baffa.

"Ya ce a yi tafiya a hankali, kuma kowa ya sha ruwa."

"Shi ke nan? Duk wannan surutun? Dutse dai ko? Mu da muka hau Kufena na Zariya da silifa."

Wardi ya ce kowa sai ya riƙe takunkumin hayaƙi, yana da na haya. Ni da na ɗauki kaina wayayye na ce ai na ga wani yana sayarwa a bakin hanya, ya fi araha. Mutumin ya ɗauko mini guda biyu cikin leda, yana ta yi mini rantsuwa sababbi ne, har da kirana ɗan'uwa. Na karɓa ina murna na yi wa Wardi wayo.

Zuwa zango na farko tafiyar daɗi ce. Hanya ta ratsa gonakin kabeji da albasa da aka sassaƙa a jikin dutse, hawa-hawa. Baffa ne a gaba, da babbar rigar sanyi a kan kaftaninsa, bakinsa bai yi shiru ba. Ya kushe yadda suke tayar da kunyar shuka, ya yaba yadda suke jan ruwa, ya ce a gida yanzu yaransa suna can suna dashen tumatir, Allah ya sa ba su matse shi ba. Da muka tsaya Wardi ya zo kansa. "Pak Haji" yake kiransa, wato Baba Alhaji.

"Ce masa lafiya lau, garau nake," in ji Baffa. "Ce masa in ya gaji in goya shi."

Na juya, kowa ya yi dariya.

Daga nan gonaki suka ƙare, itatuwa suka yi ta gajarcewa har suka ɓace. Muka shiga wani fili da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ciyawa, ba tsuntsu, ba ko ƙuda. Duwatsu ne baƙaƙe masu huji-huji, sak kashin maƙera, in ka ɗauki wanda ya kai kan mutum sai ka ji shi ba nauyi. Tsakaninsu toka ce. Ka taka sau uku, ta dawo da kai ɗaya. Sanyi ya fara shiga kunne, amma rana tana dukan ƙeya. Can wata tsohuwa 'yar ƙasar, da kwando a bayanta, ta zo ta wuce mu tana murmushi. Baffa ya bi ta da kallo, ya ƙara sauri. Na lura ya daina magana. Na ce a raina ƙasar ce ba ta noma ba, shi ya sa ba shi da abin cewa.

A zango na biyu bai zauna ba, ya jingina da wani dutse yana kallon ƙasa. Wardi ya tambaya, na juya masa.

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa.

Na ce wa Wardi lafiya yake. Wannan karon ba maganar goyo.

Zango na uku wata 'yar rumfar kwano ce da benci biyu. Mace ɗaya tana sayar da shayi, 'yan acaba uku suna zaune a kan baburansu suna jiran masu juyawa. Daga nan ana hango bakin ramin, farin hayaƙi yana tashi miƙe. Bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Mu ne na ƙarshen isowa. Baffa ya zube a kan benci. Iska mai sanyi tana kaɗawa, kowa ya ja zif ɗin rigarsa, shi kuwa gumi ne ke ɗiga daga gemunsa. Yana murza kafaɗarsa ta hagu kamar wanda ya kwana a kanta.

Wardi ya durƙusa a gabansa, ya daɗe yana kallon fuskarsa. Ya ce in tambaye shi sosai.

"Baffa, yana tambaya yaya kake ji."

Baffa ya dubi matan da ke zaune a ɗaya bencin suna shan shayi, ya dubi 'yan acaban, sannan ya dube ni.

"Da sauƙi."

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan kalma. Mai lafiya ba ya cewa da sauƙi. Amsar majinyaci ce. Ka shiga ɗaki ka tarar da mutum ba ya iya ɗaga kai, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ita muka yi ta faɗa wa masu zuwa dubiya a makon da mahaifina ya rasu, har safiyar ranar. Dattijo irin Baffa, a gaban baƙi, a gaban mata, ba zai taɓa cewa na kasa ba. Iyakar abin da zai iya ke nan, ya sauko daga lafiya lau zuwa da sauƙi, ya bar wa nasa ya gane.

Na ji. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ji sarai. Amma ga bakin ramin can ina kallo, sati bakwai ina jiran ranar nan, na riga na gaya wa abokaina a Hunkuyi su jira hoto. In Baffa ya juya, na juya. Sai na ɗauki kalmar na juya ta da ɗaya ma'anarta, wadda ita ma ba ƙarya ba ce a baki. Na ce wa Wardi, "Ya ce tafiyar da sauƙi, ba wuya."

Wardi bai yi dariya ba. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya sake duban Baffa, ya sake dubana. "Kai ɗansa ne. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ya miƙe ya ce a tashi.

Bayan rumfar hanya ta miƙe tsaye. Muna hawa muna kama duwatsu da hannu. Baffa yana taku goma ya tsaya, taku goma ya tsaya. Ni kuma ina ta zuba masa surutu don kada in ji numfashinsa, mun kusa, saura kaɗan, ga shi can. Da muka fito bakin ramin sauran sun yi mana nisa, sai launin rigunansu muke gani a jere, Wardi yana gaba yana taimaka wa wata mata. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba. A dama rami ne mai zurfin da ido ke juyawa, can ƙasa wani ruwa kore shar yana tururi, gefensa duk rawaya. A hagu gangare ne na toka, ba abin kamawa har inda ido ya tsaya. Wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mana hanci.

Ko wayata ban kai ga fitarwa in ɗauki hoto ba iska ta juya. Hayaƙin da ke tashi miƙe ya kwanto kanmu. Cikin ɗan lokaci na daina ganin ƙafata. Ido ya kama yaji, maƙogwaro ya shaƙe. Na zaro takunkuman nan na saka wa Baffa ɗaya, na saka ɗaya, na ja numfashi, hayaƙin ya shigo kamar ba komai a fuskata. Na murɗe murfin gefen na duba. Fayau, babu abin tacewa a ciki, sai wani guntun soso. Na tsine wa mutumin nan, na tsine wa wayona.

Baffa ya zauna. Ba zaman hutu ba, ƙafafunsa ne suka naɗe. Na riƙe wuyan rigarsa don kada ya sulale ta hagu. Na ƙwala wa Wardi kira, tari ya katse ni. Na sake, ba amsa. Na duba waya, ba sabis ko ɗigo.

"Baffa, yaya jikin?"

"Da sauƙi."

A nan wani abu ya tsinke mini. Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na kama fuskarsa da hannu biyu.

"Baffa, don girman Allah ka bar gaisuwa! Ba gaishe ka nake yi ba. Ina ke maka ciwo?"

Ya daɗe kafin ya samu iskar magana.

"Ƙirji. Kamar an ɗora mini buhun masara. Ya sauka har hannu."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen baƙaƙen duwatsun nan." Ya yi tari, ya riƙe hannuna. "Nasiru, in ta Allah ta kasance, kada ka wahalar da kowa wajen kai ni gida. Musulmi ne su ma. Duk inda suka ce nan ce alƙibla, a juya ni can."

Tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya rufe ni. Na ga kaina ina sauka a tashar Hunkuyi ni kaɗai da jakarsa, na ga Inna matarsa ta fito zaure. In bar shi in bi Wardi, zai iya gangarawa. In zauna, hayaƙin zai gama da mu. In ɗauke shi, ban san ina gaba ina baya ba. Na rungume shi ina ta Innalillahi, hawayen hayaƙi da na gaske sun haɗu.

Sai na ji wani ƙara, ƙyaƙ, ƙyaƙ, ƙyaƙ, yana tahowa daga wajen ramin. Mutum ne ya ɓullo daga cikin hayaƙin, ɗaya daga masu haƙar farar wuta da muka riƙa gamuwa da su a hanya. Ya saɓa gora a kafaɗa, kwando biyu cike da rawayen duwatsu suna lilo, ya cusa jiƙaƙƙen tsumma a baki. Ya tsaya a kanmu. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensu. Abin da ya zo bakina kawai na faɗa.

"Assalamu alaikum."

Ya cire tsumman. "Wa alaikumus salam."

Na nuna ƙirjin Baffa. Ya sunkuya ya duba leɓensa, bai ƙara tambaya ba. Ya sauke kayan, ya zare gorar, kwando ɗaya ya kife, abin da ya wuni yana haƙa ya gangara rami yana ji yana gani, ko waiwaya bai yi ba. Ya fizge takunkumin banzan nan ya jefar, ya jiƙa tsummansa da ruwan shan da na riƙo ya ɗaure wa Baffa a hanci. Sannan ya sa hannu a baki ya yi wata irin kuwwa mai tsawo. Daga can ƙasa aka amsa, daga can gaba aka amsa. Ba a jima ba sai ga Wardi a guje a kan wannan siririyar hanyar, ashe ya ƙirga mutane ya ga babu biyu.

Wardi ya ba Baffa wata ƙwaya ya ce ya tauna, ya kafa masa wani ɗan gwangwanin iska a baki. Mai farar wutan ya kwance zanen da ya yafa, suka ƙulla shi a jikin gorar, muka kwantar da Baffa a ciki. Wardi ya yi magana a rediyonsa, ya danƙa sauran mutanen ga wani jagora, ya ce mu baya za mu koma, rumfa ta fi kusa.

Saukowar nan ita ce tafiya mafi tsawo a rayuwata. Mai farar wutan yana gaba, ni da Wardi muna karɓa-karɓa a baya. Gorar tana cin kafaɗata kamar wuƙa, ƙafa tana zamewa a toka, in na yi tangaɗi sai zanen ya yi lilo ta kan gangare. Wardi ya ce kada in bari ya yi barci. Na yi ta jan sa da magana.

"Baffa, kwana nawa tumatir ke yi a bedi kafin dashe?"

Idonsa ya fara lumshewa.

"Baffa! Kwana nawa?"

"Kai... malamin gona... ba ka sani ba?"

Na yi dariya ina kuka. Bayan wannan ya daina amsa mini, sai kalmar shahada da nake gani a leɓensa. Duk taku ina leƙa zanen in ga ko ƙirjin yana motsi.

A wani wuri da muka tsaya canjin kafaɗa, Wardi ya yi mini magana ba tare da ya dube ni ba.

"Me ya faɗa a rumfa?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce kalmar tana da fuska biyu, kuma na san wadda yake nufi.

"Tsofaffinmu ma haka suke," in ji shi. "Shi ya sa ba su nake tambaya ba, 'ya'yansu nake tambaya." Ya saɓa gorar, muka ci gaba da sauka.

A rumfa muka ɗora Baffa a babur, ɗan acaba a gaba, ni a baya, aka ɗaure mu uku da zanen, yadda ake kai mara lafiya asibiti daga ƙauyukanmu. Mai farar wutan ya dafa kan Baffa ya yi wata gajeriyar addu'a, ya ɗauki gorarsa ya juya sama. Na ɗaga murya ina godiya da Hausa, da Turanci, da Larabcin da na iya. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma da zanensa muka tafi.

Daga ƙaramin asibitin gindin dutse aka wuce da mu babban asibiti a birni. Baffa ya rayu. Kwana biyu ba a bar ni na gan shi ba sai ta gilashi. A rana ta uku da hantsi likita ta kira ni gefen gadonsa, ta ce in juya masa abin da za ta faɗa. Ta ce ciwon zuciya ne. Ta ce da an sauko da shi tun da ya fara jin nauyin, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Wani sashe na zuciyar ya riga ya mutu, ba ya dawowa. Zai yi tafiya, zai yi salla, zai ga jikokinsa, amma shi da garma, da ɗaukar buhu, da tsayuwar ban ruwa, sun rabu ke nan.

Baffa yana kallon bakina. Na san yadda ake tausasa irin wannan magana, sati bakwai ina yi. Wannan karon ban rage ko kalma ɗaya ba. Na faɗa masa duka, har maganar garma. Ya saurara, ya ɗaga hannayensa ya duba tafukan, duk sun yi kanta, ya mayar ya ajiye a kan bargo.

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji shi.

Likita ta fita. Ya rage daga ni sai shi, sai ƙarar na'urar da ke kansa. Nauyin ya yi mini yawa, ina neman wanda zan raba laifin da shi ko da kaɗan ne. Na sunkuyar da kai.

"Baffa, da ka faɗa tun a rumfar nan, ai da babur muka hau."

Ya juyo a hankali. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini.

"Na faɗa, Nasiru," ya ce. "Da Hausa na faɗa. Kai kaɗai ne mai jin ta a kan dutsen."